Ya Turai da Yakuwar da Ba Wanda Ya Shuka

Kafin masu keke napep su cika titin Umarari na Maiduguri da hayaniya, Ya Turai ta riga ta gama ba shukarta ruwa. Ba wani lambun a zo a gani ba ne. Buhunan shinkafa ne cike da ƙasa, jere a gindin katanga, sai wani tsohon baho da gindinsa ya ɓule, da tayar mota a kwance. A ciki akwai alayyahu da yakuwa da kuɓewa da lansir, da wani barkono da take yi wa faɗa kullum saboda ƙin girma. Idan ta gama sai ta naɗa lafayarta, dogon mayafin nan na matan Barebari, ta zuba gwangwanayen madarar da take ajiyar iri a cikin jaka, ta ɗauki 'yar fartanyarta wadda ƙotar ta yi sulɓi don riƙo, ta kama hanya. Ba ta son hawa keke. Ta ce gudu ya yi masa yawa, ba ya bari ta kalli ƙofofin mutane.

Ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Ba ta da ofis, ba ta da riga mai tambari. Manomiya ce daga wani ƙauye a bakin tabki, wadda tashin hankalin shekarun baya ya koro Maiduguri da tufafin jikinta kaɗai. Ta sauka wajen ɗan ƙanenta, ta dubi tsakar gidan birni, ta ga ko wurin da take shanya wake a ƙauye ya fi shi faɗi. Ba ta yi ƙorafi ba, ta nemi buhu ta cika shi da ƙasa. Daga gidan nan abin ya tsallaka maƙwabta, daga maƙwabta ya shiga unguwar Dala, ya gangara unguwar Hausari. Ɗalibanta matan birni ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba, waɗanda suke tsammanin alayyahu a ɗaure yake fitowa daga ƙasa.

Sai dai masu iya shuka suna da yawa a garin nan. Abin da ya sa aka ware ta da wannan jinjina shi ne irin gidajen da take shiga. Ke ce, Ya Turai, mai yin sallama a ƙofar da kowa ke ratsewa. Wanda yake son ya gane abin da ake nufi, ya saurari abin da ya sami Raudatu a Hausari, shekarar da ruwa ya ci gari.

Raudatu 'yar Kano ce, aure ya kawo ta. Mijinta Habib tela ne, yana fita da safe sai la'asar ta yi sanyi, ya bar ta da jaririyarsu Siddiƙa. Katanga ɗaya ta raba su da gidan wata tsohuwa, Inna Ammatullahi, wadda ke zaune da ɗanta Mikail, kafinta. Tsohuwar tana da yakuwa a bayan ɗakinta, irin mai jan kara, kuma kusan kullum sai ta taka turmi ta miƙo wa Raudatu ganye ta saman katanga.

“Yaushe za ki shuka taki, amarya?” in ji ta. Har Raudatu ta haihu ba ta daina ce mata amarya ba.

“Inna, ni ko albasa na binne ruɓewa take.”

“Bari ta yi iri. Ni da kaina zan kawo miki har ƙofar ɗakinki, in ga ta inda za ki gudu.”

Raudatu ta yi dariya, ta manta. Sati bai zagayo ba ruwa ya shigo gari. Su sun tsira, Habib da jaririya a ka, ita tana riƙe da bayan rigarsa. Inna Ammatullahi ba ta tsira ba. An nemi gawarta a asibiti, an nema a bakin kogi, an bi duk inda aka ce an ga wani abu ya maƙale. Ba a same ta ba. Mikail ya sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar gidan, aka ce ya tafi wajen dangi.

Da ruwa ya janye suka dawo, tsakar gidan Raudatu ta zama wata ƙasa dabam. Laka ce baƙa, mai kauri, mai wani irin wari da ba na masai ba ne kawai, ba kuma na kifi ba ne kawai. Mutanen lungu suna cewa ruwan nan ta maƙabartu ya biyo, kada wanda ya bari yaro ya taɓa. Habib ya kwashe abin da ya iya kwashewa, saura ya bushe ya tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho.

Wata safiya Raudatu ta ɗaga labule, ta tsaya. Wasu 'yan tsirai ne suka keto ta cikin tsagar lakar. Ba a warwatse suke ba kamar ciyawa. A jere suke, ɗaya bayan ɗaya, sun taso daga gindin katangar Inna Ammatullahi, sun ratsa tsakar gida, sun ɗan karkata, sun zo sun ƙare daidai bakin ƙofar ɗakinta. Ta sunkuya ta duba. Karan ja ne sur.

Ba ta san lokacin da ta koma ɗaki ta danna ƙofa ba.

Habib ya dawo ya tsuguna ya tuge su duka, ya watsar a bola, ya ce mata iska ce ta kawo. Bayan 'yan kwanaki suka sake fitowa, a layin nan dai, har sun fi na farko yawa. Wannan karon Habib bai ce iska ba. Ya kira malami aka yi karatu, aka yayyafa ruwan addu'a. Yakuwar ta ji ruwa, ta ƙara kore.

Sannan ga ƙarar. Kullum idan rana ta take, lokacin da lungu ke mutuwa, masu talla sun shige inuwa, awaki sun kwanta, ko ƙadangare ba ya motsi, sai Raudatu ta ji ana zuba ruwa a bayan katanga. Ba ɗigon famfo ba ne, don tun ambaliya famfon lungun bai kawo ba. Zubawa ce ta hannun mutum: a tsiyaya a hankali, a dakata, a matsa gaba kaɗan, a sake tsiyayawa. Haka tsohuwar take ba yakuwarta ruwa. Raudatu ta sa Habib ya je ya duba ƙofar. Sarƙa tana nan, kwaɗo ya yi tsatsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Daga nan ta daina fita tsakar gida idan ba dole ba. Ta koma girki a cikin ɗaki, ga zafi ga hayaƙi. Abinci ya daina shiga mata, nono ya ragu, Siddiƙa ta fara kuka irin na yaron da ba ya ƙoshi. Matan da ke shigo mata hira suka ɗauke ƙafa. Idan sun zo wucewa sai su manne da katangar tsallake, suna motsa leɓe.

“Baban Siddiƙa, ka mai da ni Kano,” ta ce masa.

“Ki bari in ga yadda shago zai tashi tukuna. Kekunan ɗinkin duka ruwa ya shiga.”

“Ni take nema. Ta ce za ta kawo min har ƙofa, ga shi ta kawo. Me ya rage kuma?”

Habib ma ya fara fita da wuri yana dawowa a makare.

A irin wannan hali Ya Turai ta iso. A wani gida a bakin lungun take koya wa wata mata cika buhu, aka ce mata can ciki akwai gidan da aljanu suka yi shuka. Ta tambayi me suka shuka. Aka ce yakuwa. Ta ce to bari ta je ta ga ko sun iya.

Raudatu ta ji sallama da hantsi, muryar wata tsohuwa. Ta leƙa ta kafar labule, ta ga wata baƙar mata doguwa, siririya, da zane-zanen Barebari a kumatu, tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa.

“Wushe, wushe, sannu 'yata. Fito, ni mutum ce. Ga ƙafata a ƙasa.”

Raudatu ta fito da goyo, tana bin jikin bango don kada ta taka layin. Ya Turai ba ta tambaye ta komai ba. Ta tsuguna a bakin ƙofar ɗakin, ta shafa ganye ɗaya, ta shinshina yatsunta, sannan ta bi layin da tsugune, a hankali, har gindin katanga. A nan ta sa bakin fartanya ta tone busasshiyar laka. Sai ga wata 'yar rariya da Raudatu ta manta da ita, wadda ruwan sama ke bi daga gidan tsohuwar ya ratsa nasu ya fita titi.

“Mai gidan can tana ajiye iri?”

“Tana ajiyewa.”

“To ga hanyar da ya biyo. Da ruwa ya tashi tafiya, ta nan ya fita, ya yi ta zubar da shi a hanya. Wanda ke sama ya fara fitowa, mijinki ya tuge. Na ƙasa ya biyo baya. Ko yanzu kuka tuge akwai saura.”

Raudatu ta ji numfashinta ya ɗan sauka, amma bai sauka duka ba. Ta ba ta labarin alkawarin da tsohuwar ta yi mata. “Me ya sa bai wuce titi ba, Iya? Me ya sa ya tsaya a ƙofata?”

Ya Turai ta dubi ƙofar, ta dubi katangar. “Ƙofarki ta fi gangare, ruwa ya kwanta a nan. Kuma tsohuwar ta ce za ta kawo. Ni ban san yadda Allah yake cika wa bayinsa magana ba. Abin da na sani, wanda ke nufin ki da sharri ba ya aiko miki da kayan miya.”

Suna nan rana ta take. Inuwar katanga ta shige ƙarƙashinta, lungu ya yi tsit. Raudatu ta riƙe hannun tsohuwar tun kafin abin ya fara, don jikinta ya riga ya san lokacin. Sai ga shi: tsiyaya, shiru, tsiyaya.

Ya Turai ta karkata kai tana saurare. Raudatu ta ce ba za ta manta ba, ta ga tsigar hannun matar ta tashi, yar, kamar ta kowa. Ba wai ba ta jin tsoro ba ne. Ta yi bisimilla a hankali, ta gyara lafaya.

“Gidan yana da wata hanya?”

“Katangar baya ta faɗi. Amma kangaye ne a wajen, ba mai bi.”

“Zo mu je.”

“Iya, don Allah.”

“Idan kin zauna, gobe ma za ki ji, jibi ma za ki ji. Ki riƙe gefen lafayata. Abin da zai same ki sai ya fara ta kaina.”

Suka zagaya ta baya, suna taka tubalan da suka narke suka zama tudu. Gidan Inna Ammatullahi yana nan yadda ruwa ya bar shi. Shatin ruwan ya zagaye bango sama da kan mutum. Wata dadduma tana rataye a reshen darbejiya, ta bushe ta ƙandare a yadda igiyar ruwa ta murɗe ta. A tsakar gida ga ƙananan kifaye sun bushe a cikin laka, bakinsu a buɗe. Turmin da tsohuwar ke takawa yana kwance a gefe. Babu tsuntsu, babu ƙuda. Ƙarar ruwan kawai, daga ɗakin da rufinsa ya tafi.

Ya Turai ta yi sallama. Ruwan ya tsaya. Ba a amsa ba. Ta sake yi, ta taka zuwa bakin ƙofa, Raudatu a bayanta ido rabi a rufe.

Wani mutum ne tsugune, ya ba su baya, cikin jallabiyar da ta taɓa zama fara. Ƙashin bayansa ana iya ƙirgawa ta cikin rigar. A hannunsa buta. A gabansa, daidai inda gadon tsohuwar yake a da, an tara ƙasa an yi tudu mai tsawon mutum, an daddaɓe shi da hannu, an kafa ɓallen tukunya a kai da ƙafa. Ƙasar a jiƙe take sharkaf.

Ya juyo a hankali. Sai da Raudatu ta kalle shi sosai kafin ta gane Mikail ne.

“Ɗana,” in ji Ya Turai, “wa ke ciki?”

“Babu kowa, Iya.” Muryarsa ta dushe kamar wanda ya daɗe bai yi magana ba. “Na san babu kowa. Ban haukace ba.”

“Ban ce ka haukace ba.”

Ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta miƙe ƙafa kamar a ɗakinta. Sai ya fara magana, ba ita yake kallo ba, tudun yake kallo. Ya ce ya ɗora mahaifiyarsa a kan gado, ya ɗora gadon a kan teburin aikinsa, ya ce ta jira shi ya nemo kwalekwale. Da ya dawo da kwalekwalen babu gado babu tebur. Bai je wajen dangi ba, a wani shagon katako yake kwana a ƙarshen gari. Kowa da ya rasa nasa ya san inda zai je ya tsaya ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa a kan ƙasa. Shi bai da wurin. Yana zuwa da tsakar rana ne don kada kowa ya gan shi ya tambaye shi yadda aka yi ya fita ya bar ta.

Raudatu tana tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zuba, ba ta ma share ba. Tsoron da ta kwana da shi ta tashi da shi duk ya juye ya zama wani abu mai nauyi a ƙirji.

Ya Turai ta bari ya gama. Sannan ta ce, “Ni na bar miji da ɗa a bakin tabki, a fili, ba wanda ya rufe su. Ina gudu ina waiwaye. Na daɗe a garin nan idan na ga tudun ƙasa sai ƙafata ta tsaya. Na je wajen liman na ce ina zan tsuguna in yi musu addu'a? Ya ce addu'a ba ta ɓata hanya, duk inda suke tana samun su. Ya kuma ce abin da ka shuka da niyyarsu, mutum ya ci ko tsuntsu ya ci, ana rubuta musu. Tun ranar ban sake zama ba.”

Ta ɗora fartanyarta a gabansa.

“Wannan ba kabari ba ne, ɗana. Ɗakin uwarka ne. Ka baje shi da hannunka. Ni ba zan taɓa ba.”

Ya daɗe yana kallon fartanyar. Raudatu ta ce ta ɗauka zai kore su. Sai ya cire ɓallen tukunyar nan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a gefe, ya ɗauki fartanya. Saran farko ya yi shi da kuka mai sauti, irin wanda namiji ke yi sau ɗaya a rayuwa. Ba su hana shi ba. Da ƙasar ta baje, Ya Turai ta ce ya taso, uwarsa ta bar saƙo a maƙwabta.

Ya tsaya a tsakar gidan Raudatu yana kallon jan layin nan. Ya ce a cikin wata 'yar ƙwarya uwarsa take tara irin, a kan bulo, kusa da rariya. Ya ce tun daga gidan kakarsa aka zo da wannan yakuwa, ba a sayar da irinta a kasuwa. Ya miƙa hannu zai tsinki ganye, Ya Turai ta riƙe shi.

“Wannan ba ta ci ba ce. Lakar nan ta sha masai, ta sha man inji, ta sha abin da ba mu sani ba. Ku bar ta ta yi fure ta yi iri. Irin za mu ɗauka, mu shuka a ƙasa mai tsabta. 'Ya'yanta za ku ci.”

Washegari ta dawo, kuma ta yi ta dawowa. Ta sa Habib ya roƙi wani abokinsa mai keke suka ɗebo ƙasa daga inda ruwa bai kai ba. Ta nuna wa Raudatu yadda ake gauraya ta da yashi da takin awaki, wanda ya tsufa ya daina wari, don sabo ƙona shuka yake. Ta sa ta huda gindin buhu da wuƙa, ta ɗora shi a kan bulo kada ya taɓa laka, a inda rana ke samu da safe, inuwa ta rufe da azahar. Ta ce da alayyahu za a fara, shi ne mai haƙuri da sabon hannu. Irinsa ƙanana ne kamar kwarkwata, sai an cakuɗa da yashi a barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa da yatsu safe da yamma.

Na farko duk ya mutu. Raudatu don ɗoki ta riƙa ba shi ruwa duk lokacin da ta wuce, har gindin ya ruɓe ya kwanta. Ta zauna a gaban buhun kamar an yi mata rasuwa.

“Na gaya miki, Iya, hannuna ba shi da albarka.”

“Hannunki lafiya lau, buta ce ta yi yawa. Sa yatsa a ƙasar. Kin ji sanyi? To ba ya jin ƙishi, ki ƙyale shi. Kowa sai ya kashe na farko. Ni gonar gero guda na kashe ina amarya, har yau ban mutu ba.”

Na biyu ya tashi. Da ƙwari suka far masa, ta koya mata jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa, ta barbaɗa toka. Ranar da Raudatu ta tsinki ganyen farko ta yi miya, ta cinye tuwonta tas, ta ƙara. Ta zuba a kwano ta ba Habib ya kai wa Mikail, wanda a lokacin ya cire sarƙar ƙofa ya fara kafa rufi, da nasa buhunan jere a inda gadon uwarsa yake a da.

Yakuwar nan kuwa ta yi tsawo har ƙugu, ta yi fure, ta yi jajayen kawuna, ta bushe a tsaye. Raudatu ta ce har a lokacin idan iska ta kaɗa ta da tsakar rana, irin yana kaɗawa a cikin kwanso kamar ana raɗa, sai gabanta ya faɗi. Amma ita da kanta ta sa hannu ta fasa su a faranti. Matan da ke mannewa da katangar tsallake su ne suka fara zuwa da ƙullin leda suna roƙon kaɗan. Yau a lungun ba a ce mata yakuwa kawai, sai a ce 'yar Inna. Maganar Kano kuwa ba ta sake tasowa ba.

Wannan gida ɗaya ne. Masu bin sawunta sun san akwai wasu: gidan da aka ce ana jin kukan yaro, shagon da aka ce wuta na kamawa da kanta, ɗakin matar da ta rufe kanta tun da aka tafi da mijinta. Ba ta taɓa cewa ta kori aljani ba, ba ta taɓa cewa babu su ba. Shiga take yi ta zauna, ta saurara, ta bar buhu ɗaya da abin da zai sa mutum ya fito gobe da safe ya duba.

Bana gwiwa ta ƙi. Ɗan ƙanenta ya hana ta doguwar tafiya, ita ma ta san gaskiyarsa. Fartanyar tana wajen Raudatu, gwangwanayen iri an raba wa mata a unguwanni uku. Ya Turai tana zaune a tabarma a gindin buhunanta, mata suna zuwa da ganye mai rami ko mai rawaya su nuna mata, ta yi musu faɗa, ta sallame su.

Ya Turai, uwar masu sabon hannu, mun gode. Ke ce kika ji tsoro kamar kowa amma ba ki juya ba. Ke ce kika ɗauki baƙin cikin da ya isa ya zaunar da mutum har abada, kika ƙulla shi a gwangwani kina rabawa gida-gida, yana fitowa kore. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ba a taɓa ɗaukar hotonki da wani babba ba. Allah da ya ga inda ƙafarki ta taka ya saka miki, ya kai ladan ga waɗanda kika yi niyya, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Mu kuma da muka rage, abin da ta yi bai fi ƙarfin kowa ba. Buhu ne da ƙasa da ɗan iri, da zuciyar tsayawa a ƙofar da aka ƙaurace wa. Kowane lungu a garin nan yana da irin wannan ƙofa, kuma kowa ya san tasa.

Da matan suka taru suka tambaye ta abin da za su yi mata na godiya, ba ta ce zane ba, ba ta ce magani ba. Ta ce akwai wani gida a ƙarshen Dala, bayan wata rijiya da aka toshe, mai ƙofar langa-langa shuɗiya. Wata mata tana ciki ita kaɗai. Maƙwabta sun ce suna jin tana shimfiɗa wa mutane tabarma tana yi musu sannu da zuwa, alhali ba wanda ya shiga. Ya Turai ta ce ta yi niyyar zuwa, ciwon gwiwa ya riga ta.

Kowace ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Sai Raudatu ta tambayi wane iri ya kamata a tafi da shi.

“Alayyahu,” in ji Ya Turai. “Kuma kada ki tsaya daga zaure. Idan ta shimfiɗa tabarmar, ki zauna.”

Raudatu ta ce har yanzu idan ta tuna gidan tana jin tsoro. Ta riga ta cika buhun. Ranar Asabar za ta je.